Saura wata huɗu in yi gudun kilomita 21 a Newcastle, zan iya kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 33, ina digiri na biyu a Newcastle ta ƙasar Ingila. Abokan karatu ne suka ja ni muka shiga ƙuri'ar Great North Run, rabin gudun fanfalakin da ake yi a watan Satumba, sai ga shi sunana ya fito. Saura wata huɗu. Ina buga ƙwallo duk Asabar, amma ban taɓa gudun da ya wuce kilomita 4 ba tare da na tsaya ba. Burina in gama cikin awa biyu. Zan iya kuwa? Yaya zan shirya, kuma me zan tarar ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Za ka iya in Allah Ya yarda, kuma wata huɗu ya ishe ka muddin ka fara a makon nan. Sai dai zan roƙe ka abu guda tun kafin mu yi nisa: ka jingine maganar awa biyun nan tukuna. A aikina na horar da masu gudu da duba raunukansu, abin da na fi gani yana kayar da sabon shiga shi ne sauri. Saurin da ake yi wajen atisaye, wanda ke kawo rauni tun ranar ba ta zo ba, da saurin da ake yi a farkon tseren, wanda ke sa mutum ya ƙarasa yana jan ƙafa.

Bari mu yi lissafi. Nisan kilomita 21.1 ne, wato mil 13.1, kuma ka saba da lissafin mil tun yanzu, don da shi ake rubuta yawancin allunan da za ka gani a gefen hanya. Wanda zai gama cikin awa biyu sai ya riƙa cinye kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, sau ashirin da ɗaya a jere, da hawa da gangara, cikin cunkoso. Akwai hanyar da za ka auna kanka. Ka yi gudun kilomita 5 iya ƙoƙarinka, ka ninka lokacin da ka ɗauka sau 4.6, wannan shi ne mafi kyawun abin da za ka iya samu a rabin fanfalaki, kuma ga wanda bai saba da nisa ba ninkin yakan kusanci 5. Ke nan sai kana iya yin kilomita 5 a minti 25 ko ƙasa da haka sannan awa biyu za ta zama magana. Ni da zan zaɓa maka, zan ce ka sa ido kan awa biyu da minti 20 zuwa awa biyu da rabi, wato kusan minti 7 a kowace kilomita, minti 11 da 'yan kai a kowane mil. In watan Agusta ya zo ka ga jikinka ya fi haka, sai ka gyara lissafin.

Ƙwallon da kake bugawa ta taimake ka, amma kada ta ruɗe ka. A fili kana ruga na daƙiƙa goma, ka tsaya, ka taka, ka jira a jefo ƙwallo, ka sake rugawa. A kan kwalta babu wannan hutun. Ƙafarka za ta bugi ƙasa sama da sau dubu ashirin kafin ka kai ƙarshe, kuma kowane bugu yana ɗora mata nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin mako uku ko huɗu za ka ji haki ya ragu. Jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa sai sun ɗauki watanni. A wannan tsakanin ne ake jin ciwo: numfashi yana ce maka ƙara, ƙwauri da dunduniya ba su shirya ba tukuna.

Kafin komai, je ka ga likitanka. A auna maka hawan jini, don yana da yawa a cikin mutanenmu kuma ba ya sallama. Ka faɗa masa in ka taɓa jin ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya marar tsari yayin motsa jiki, ko in a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi. Haɗarin tsayawar zuciya a irin wannan gudu ƙarami ne ƙwarai: wani bincike a Amurka ya bi masu tsere miliyan 10.9 daga 2000 zuwa 2010, ya samu mutum 59 da abin ya faru da su, mafi yawansu maza, kuma da dama suna da ciwon zuciyar da ba su san da shi ba. Don su ake yin gwajin.

Abu na biyu ya fi shafarmu mu 'yan Najeriya, kuma ba kasafai jadawalin atisayen da za ka samu a intanet ke ambatonsa ba: ka san rukunin jininka na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasarmu AS ne. Mai AS yana gudu, yana ma zama zakara, ba abin da ya hana shi. Amma in wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. Alamarsa ita ce ƙafafu su mutu farat ɗaya, ga ciwo, amma tsokar ba ta ɗaure ta yi tauri ba, wani lokaci kuma fitsari ya koma kalar baƙin shayi. In kai AS ne, dokar tafiya sannu ta ƙara hawa kanka, kuma da ka ji haka sai ka tsaya nan take ka nemi masu agaji. In kuma ka je gida hutu cikin damina ka dawo da zazzaɓi, ka faɗa wa likita ƙasar da ka fito don a gwada maleriya, kuma ba gudu sai ka warke sarai. Mai zazzaɓi ba ya tsere, ko da ranar ce ta zo kuma ya biya kuɗi.

To, atisayen. Sau uku a mako ya isa, da ranar hutu a tsakani. Biyu gajeru ne, minti 30 zuwa 40. Na uku shi ne dogon gudu, kuma shi ne zai kai ka South Shields, garin bakin teku inda tseren ke ƙarewa. Ma'aunin saurinsa mai sauƙi ne: ya zamana kana gudu za ka iya yi wa mutum cikakkiyar gaisuwa irin tamu, ka tambayi gida da aiki da gajiya, numfashinka bai yanke ba. In sai kalma ɗaiɗai kake iya fitarwa, ka yi sauri, rage. Da farko za ka ji kamar wasa kake yi, za ka ga dattijuwa ta wuce ka, zuciyarka za ta ce bi ta. Ƙyale ta. A wannan gudun na sannu ne jiki ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake koyon ƙona kitse don ya tattala sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta, jijiyoyi kuma su yi ƙwari ba tare da sun tsage ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka ji kunyar haɗa gudu da tafiya. A watan farko ka yi gudu na minti huɗu, ka taka na minti ɗaya, ka maimaita. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koyar da wannan salo, kuma dubban mutane sun gama tsere da shi. Amfaninsa shi ne kana hutawa tun kafin gajiya ta tilasta maka. Dogon gudun ya fara daga kilomita 5, ka riƙa ƙara kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi duk mako, amma duk mako na huɗu ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku don jiki ya gyara kansa. Da wannan tafiyar za ka kai kilomita 11 a ƙarshen wata na biyu, 15 a ƙarshen na uku, sannan 17 ko 18 saura mako biyu tsere. Nan za ka tsaya. Ba sai ka yi 21 a atisaye ba. Hutun makonni biyun ƙarshe da jama'ar da za su kewaye ka su za su cika sauran. Makon kusa da na ƙarshe ka yi kilomita 12, makon tseren kuma gajeru biyu kawai. In wani mako ya kuɓuce maka saboda aikin makaranta, kada ka rama shi a mako mai zuwa. Ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ka yi sa'ar gari. Gefen kogin Tyne, ta Quayside, shimfiɗaɗɗe ne, ya dace da dogon gudu. Jesmond Dene na da hawa da gangara, kuma kana bukatarsu sau ɗaya a mako daga wata na biyu, don hanyar tseren ba a miƙe take ba. Sai Town Moor, makeken filin da ke arewa da tsakiyar gari, inda za ka tarar da shanu suna kiwo a sake lokacin bazara, a tsakiyar birnin Ingila, suna kallonka ba su ko matsa ba. A can ake yin parkrun, gudun kilomita 5 kyauta duk Asabar da ƙarfe tara na safe. Ka yi rajista, ka je sau ɗaya a wata a madadin ƙwallo. Nan za ka samu lokacin da za ka yi lissafin da na faɗa maka, kuma za ka koyi gudu a cikin jama'a, wanda shi ma ilimi ne. Ƙwallon kanta ka rage ta, kada ka yi dogon gudu washegarin ranar da ka buga, kuma saura wata ɗaya ka ajiye ta gaba ɗaya. Targaɗe ɗaya a fili ya isa ya rushe aikin wata uku.

Lokacin fita kuwa, bazarar arewacin Ingila daban take da abin da ka sani. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar, ba ta faɗuwa sai wajen goma saura, ga Isha da Asuba sun matso kusa da juna, barci ya zama guntu-guntu. Jiki kuma a cikin barci yake gyara abin da gudu ya ɓata. Don haka kada ka tilasta wa kanka fita bayan Asuba in daren bai ishe ka ba. Yamma tana da tsawo, yi amfani da ita. Amma ko sau uku, ka yi dogon gudun da hantsi, wajen sha ɗaya, don lokacin da za ka yi tseren ke nan. In kana azumin Litinin da Alhamis, ka mai da su ranakun hutunka.

Ciwo iri biyu ne. Akwai tsamin jiki da ke kama ƙafafu biyu, ya lafa in ka ɗan motsa, ya wuce cikin kwana biyu. Wannan ba komai. Akwai kuma wanda ke zaune a wuri guda, musamman kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa in ka ci gaba, har ya sa ka ɗingishi. Wannan na iya zama tsagewar ƙashi, ka tsaya a duba ka. Kada ka danne shi da magani ka fita, kuma kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin dogon gudu ko ranar tsere, don suna takura wa ƙoda a lokacin da jini ya riga ya ragu a wajenta. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum duk shekara, saboda ranar ƙasar ba ta isar fatarmu ta samar da shi. Ƙashinka na bukatarsa yanzu fiye da da. Ka ƙara da minti 15 sau biyu a mako na tsugunne-tashi da ɗaga dunduniya a bakin matakala don ƙarfafa cinya da sha-raɓa.

Kaya ba su da yawa. Takalmin gudu, ba na ƙwallo ba, wanda ya bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafarka da bakin takalmin, don ƙafa na kumbura a hanya. Ba ka bukatar masu tsadar nan na zakaru. Ka saye shi yanzu, ka yi dukkan atisayen da shi. Safa da riga kada su zama na auduga, don auduga na riƙe gumi ta goge fata har ta yi bororo. In kana son rufe gwiwa, akwai dogon wandon gudu mai laushi da ake sawa a ƙarƙashin gajere. Ka gwada shi a dogon gudu tukuna. Ka shafa basilin a matse-matsi da hammata da kan nono. Wannan na ƙarshen mutane kan yi dariya in an faɗa, amma duk shekara za ka ga maza a ƙarshen hanya da jan layi biyu na jini a gaban riga.

Abinci, ka tsaya kan wanda cikinka ya sani. Kwana biyu kafin tsere ka ƙara shinkafa, taliya, dankali ko tuwo, ka rage mai, wake da yaji. Daren ƙarshe ka ci da wuri, kada ka cika ciki. Da safe, awa uku kafin a tashi, kunu ko burodi da shayi da ayaba sun isa. Gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi yana bukatar ɗan abin zaƙi a hanya, giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Ba dole sai ruwan zaƙin nan na leda da ake sayar wa 'yan tsere ba. Babban dabino guda na ɗauke da giram 15 zuwa sama. Ka cire ƙwallon, ka sa biyar ko shida a aljihu, ka riƙa cin ɗaya duk minti 25 daga minti na 40. Ruwa kuma ka sha gwargwadon ƙishi, kurɓi kaɗan a kowace tasha. Ɗura ruwa fiye da kima na tsarma gishirin jini, kuma yana iya kisa. A tseren Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda suka fi daɗewa a hanya sun fi shiga haɗarin, don su ke da lokacin tsayawa su sha a ko'ina. Duk wannan ka gwada shi a dogon gudunka. Ranar tsere ba ranar gwajin sabon abu ba ce.

Yanzu ga ranar kanta, wadda ita ce ta bambanta tseren babban birni da gudun da kake yi kai kaɗai. Brendan Foster, ɗan yankin da ya ci tagulla a gudun mita 10,000 a Olamfik ta 1976, shi ya kafa wannan tsere a 1981 da mutum kusan 12,000. Yau ana ba kusan mutum 60,000 gurbi, kuma yawan nan shi zai tsara maka safiyarka. Ana rufe babban titin da ya ratsa tsakiyar Newcastle, a jera mutane rukuni-rukuni bisa launin lambar ƙirjinsu, layin ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa. Tunda a garin kake, ka taka da ƙafa zuwa wurin. Jakarka za ka sa a motocin da ke kai kaya South Shields, kuma suna tashi tun kafin a fara, don haka ka duba lokacinsu a takardar da za a aiko maka. Da isarka ka shiga layin banɗaki, ko ba ka matsu ba. Ka cike bayan lambarka da sunanka, lambar wayar wanda za a kira, da duk wata larurar lafiya, har da AS in kana da shi. Ka sa tsohuwar rigar sanyi da ba ka bukata, don za ka daɗe a tsaye cikin sanyin safe. In an kusa tashi sai ka ajiye ta a gefen titi, ana tattara su a ba ƙungiyoyin agaji.

Za ka ji an tashi, ka ji ihu daga can gaba, kai kuwa ko motsi ba ka yi ba. Na baya kan ɗauki fiye da rabin awa, wasu awa guda, kafin su taka layin farawa. Zakarun, irin su Mo Farah da ya lashe tseren sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019, suna gamawa ne cikin kusan awa ɗaya, don haka ta yiwu kana taka layin su suna hango teku. Kada wannan ya dame ka. Akwai 'yar na'ura a jikin lambarka, kuma lokacinka ba ya fara ƙirguwa sai ka tsallaka layin.

Mil biyun farko su ne tarkon. Hanyar gangara ce, ƙafarka ta huta mako biyu, ga kiɗa, ga jama'a maƙil a kan gadoji suna kiran sunan da ke rigar kowa, masu gudu na ihu a ƙarƙashin gadar sama ƙara na dawowa. Sai ga gadar Tyne a gabanka, kuma a yawancin shekaru jiragen Red Arrows na sojan saman Birtaniya na ratsa samanta da hayaƙi ja da fari da shuɗi. A nan mutumin da ya yi wata huɗu yana minti 11 a mil zai duba agogo ya ga ya yi tara da rabi, kuma bai ji komai ba. Zai ji, amma sai a mil na goma. Kamar ma'aikaci ne da ya cinye rabin albashinsa a makon farko na wata. Ka yi mil ukun farko a hankali fiye da saurin da ka tsara, da daƙiƙa 15 zuwa 20 a kowane mil. Ka bar su su wuce. Kada ka riƙa kutsawa hagu da dama don neman hanya, yana cin ƙarfi kuma yana ƙara maka nisa. In za ka taka, ka ɗaga hannu ka koma gefe don kada na baya ya yi karo da kai.

Bayan filin wasa na Gateshead, wajen mil uku, hanya za ta fara hawa a hankali har wajen mil biyar, inda ya fi ko'ina tudu. Ka gajarta taku, ka bar agogo ya yi abin da zai yi. Daga nan zuwa wajen mil takwas akwai sauƙi, kuma nan ne za ka zauna kan saurinka na gaskiya. Sai titin John Reid da wanda ke biye da shi, doguwar hawa marar tsanani amma marar ƙarewa, wadda ke jan ka har bayan mil goma sha ɗaya. A nan ake gane wanda ya yi haƙuri da safe. Za ka ga ƙarti sun dafa ƙarfen gefen titi suna miƙe sha-raɓa, wasu na tafiya hannu a ƙugu, kai a sunkuye, waɗanda suka wuce ka a guje a kan gada. Kai kuma in ka bi abin da na faɗa, za ka riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka ƙara sauri ba. Ƙafarka za ta yi nauyi, wannan dole ne, don ka shiga nisan da ba ka taɓa kaiwa ba. Ka daina tunanin abin da ya rage, ka riƙa nufin fitilar titi ta gaba.

Mutanen unguwannin nan masu karamci ne. Yara za su miƙo hannu ku tafa, iyaye na riƙe da faranti na yankakken lemu, ƙanƙara mai zaƙi da alawa. Lemun ka karɓa. Alawa mai danƙon nan kuwa yawancinta da gelatin ake yi, wanda sau da yawa daga alade ake samunsa, ga dabinonka a aljihu. Kuma wajen mil goma akwai masu miƙa giya a ƙananan kofuna, da kyakkyawar niyya irin tasu. Ka duba abin da ke kofi kafin ka kai baki. Ruwa ka ɗauka a tashoshin masu shirya tseren.

Kada ka raina ranar Ingila don ka taso a zafin Zariya. Jikin mai gudu na haifar da nasa zafin, kuma cikin cunkoso iska ba ta ratsawa. A 2005, ranar da aka yi ɗumi, mutum huɗu suka rasu a wannan tseren. In gari ya yi zafi ka ƙara rage sauri, ka zuba ruwa a kai da wuya, ka bi ta ƙarƙashin ruwan feshin da ake kafawa a hanya. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewar tunani, tangaɗi, ko jin sanyi da tsigar jiki alhali ana zafi, duk alamun tsayawa ne, ba na daurewa ba. Masu agajin gaggawa na nan a duk tsawon hanyar. In ka ga wani ya faɗi, ka tsaya ka kira su.

Daf da mil goma sha biyu hanya za ta gangara da ƙarfi, teku ta bayyana a gabanka. Ka sauka da gajeren taku, don cinyar da ta gaji ba ta riƙe gwiwa sosai. Da ka karya kwana hagu za ka ɗauka an gama, alhali saura fiye da mil guda a bakin teku, kuma ya fi kowane mil tsawo a ido. Allunan mita 800 da 400 za su zo. In akwai sauran ƙarfi, nan ne wurin kashe shi.

In ka tsallaka layi kada ka zauna nan take, ka ci gaba da takawa na minti goma don kada jini ya taru a ƙafa jiri ya ɗebe ka. Karɓi lambar yabonka, ɗauko jakarka, sa busasshiyar riga, don iskar teku na saurin sanyaya jiƙaƙƙen jiki. Ku yanke wurin haɗuwa da abokanka tun kafin ranar, saboda layin waya na cushewa. Azahar na shiga wajen ƙarfe ɗaya, La'asar wajen huɗu da rabi, don haka kana da sarari. South Shields na da tsohuwar al'ummar Musulmi, zuriyar ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman da suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma masallacinsu, Al-Azhar da ke Laygate, shi ne wanda Muhammad Ali ya ziyarta a 1977. Ka yi salla a can, ka ci abinci, ka bar layin jirgin Metro ya ragu, don yakan ɗauki fiye da awa. Akwai kuma motocin bas, da jirgin fito da ke tsallaka kogi zuwa North Shields.

Kwana na biyu bayan tsere ya fi na farko ciwo, musamman wajen sauka daga bene. Ka sauka da baya-baya, kana riƙe da ƙarfe. Ka yi tafiyar ƙafa kullum, ka ci abinci sosai, ka yi barci. Kada ka yi gudu sai bayan mako guda, ƙwallo kuma sai bayan biyu. In ka yi parkrun ɗinka na farko, turo min lokacin da ka yi da sakamakon gwajin jininka, sai mu tsara saurin da za ka riƙe a kowane mil. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma sa a gama karatu lafiya.